Makarantar Da Aka Gina Da Marmarar Gari

Duk wanda ya taɓa zama cikin aji mai rufin kwano a watan Afrilu, da misalin ƙarfe ɗaya na rana, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ake nufi da zafi. Kwano na ƙara a sama kamar ana gasa shi, bangon bulo ya ɗauki zafi tun da hantsi, tagogi ƙanana ne kuma rabinsu a rufe saboda ƙura. Malami na bakin allo yana sharce gumi, yara kuwa wasu na gyangyaɗi, wasu na fifita da littattafan da ya kamata a ce karanta su suke yi. Idan damina ta sauka sai abin ya sake kama, domin da zarar ruwa ya fara dukan kwanon, ko na layin gaba ba ya jin abin da malami ke faɗi.

Mun saba da wannan hali har mun ɗauke shi tamkar wani abu ne da ba shi da magani, watau yanayin ƙasarmu ke nan, sai haƙuri. To, amma akwai inda aka gwada aka ga cewa yawancin wannan wahala daga tsarin ginin take fitowa, kuma ana iya rage ta ƙwarai ba tare da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba. Wurin kuwa ba Turai ba ne. Ƙasar Burkina Faso ce, wadda a da ake kira Upper Volta kafin a sake mata suna a 1984, ƙasar da ranarta da iskarta da daminarta kusan iri ɗaya ne da namu.

A kudu maso yammacin wannan ƙasa akwai wani gari mai suna Dano, hedkwatar lardin Ioba. A can ne a shekarar 2007 aka kammala wani sabon sashe na makarantar gaba da firamare, irin wadda a tsarin ilmin Faransa ake kira kwaleji. A wannan tsari yaro kan yi shekara huɗu a kwaleji bayan ya gama firamare, sa'an nan ya wuce babbar sakandare ya yi shekara uku. Saboda haka kwalejin ta yi daidai da ƙaramar sakandarenmu ta yau, ko kuma abin da iyayenmu suka sani da makarantar Midil. Ginin ba wani babba ba ne: azuzuwa uku, ɗakin kwamfuta, ofis, da wani wurin zama a inuwa. Amma masu ilmin gine-gine daga ƙasashe da dama sun yi ta nazarinsa, kuma dalilin haka shi ne abin da za mu duba.

Mutumin Da Ya Zana Ginin

Kafin mu shiga cikin ginin, ya kamata mai karatu ya san wanda ya zana shi, domin tarihinsa shi ne rabin labarin. Sunansa Diébédo Francis Kéré. An haife shi a 1965 a ƙauyen Gando, can kudu maso gabashin Wagadugu, ƙauyen da a lokacin ba makaranta, ba wutar lantarki, ba ruwan famfo. Mahaifinsa shi ne mai garin, kuma ya so a sami wanda zai riƙa karanta masa wasiƙu, sai ya tura ɗan nasa birnin Tenkodogo yana ɗan shekara bakwai. A can yaron ya yi karatu cikin aji na bulon siminti, marar iska, marar haske sosai, cike da yara maƙil. Ya sha faɗi daga baya cewa zafin wannan aji bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Da ya girma ya koyi kafinta, kuma a 1985 ya sami gurbin ƙaro sani a Jamus. Da rana yana aiki, da dare yana karatun sakandare, har ya samu shiga Jami'ar Fasaha ta Berlin ya karanta ilmin zanen gine-gine. Tun yana ɗalibi, a 1998, ya kafa wata ƙungiya don tara kuɗin gina makaranta a ƙauyensu, ya bi abokan karatunsa da sauran jama'a yana roƙon taimako har ya haɗa kimanin dala 50,000. Ya kan ba da labarin cewa lokacin da yake yaro, in hutu ya ƙare zai koma makaranta, sai ya bi gida gida yana sallama, matan ƙauyen kuwa kowace ta kwance bakin zanenta ta ba shi ɗan kwabon da ta ƙulle. Wannan bashi ne ya koma biya.

Da ya isa gida da kuɗin, mutane suka yi murna. Da ya ce da ƙasa za a yi ginin, murna ta koma ciki. A ganinsu, yaron da ya je Turai ya yi shekaru yana karatu bai kamata ya dawo musu da laka ba, abin da suka san damina ɗaya tana iya zubar da shi, abin da kuma suke ɗauka alamar talauci ce. Wannan ƙorafi nasu yana da hujja, kuma duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗakin da ke yoyo a watan Agusta zai fahimce su. Kéré bai tsaya gardama da baki ba. Dabararsa, a wannan aiki da waɗanda suka biyo baya, ita ce ya gina ɗan samfuri a gaban kowa. Ya taɓa ɗaura bakan tubali, ya hau kansa shi da ma'aikatansa suka yi ta tsalle, jama'a na kallo, bakan bai motsa ba.

A 2001 aka gama makarantar firamare ta Gando mai aji uku. Tubalin da aka yi amfani da shi jar ƙasar wurin ce aka haɗa da siminti kaɗan, aka matse a injin hannu. Maza suka haƙo ƙasa, mata suka ɗebo ruwa, yara suka tara duwatsun harsashi. Daɓen azuzuwa kuwa mata ne suka yi shi, suka buge shi suka goge da dutse har ya yi sumul, kamar dai yadda matan ƙasar Hausa suka gada. A 2004 ginin ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine. Makarantar da ta fara da yara 120 ta bunƙasa har aka ƙara mata azuzuwa da gidajen malamai, ɗalibanta suka kai wajen 700. A 2022 Kéré ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni a duniya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Bango Da Rufi A Dano

Da aka kira shi Dano, bisa tallafin wata gidauniya ta Jamus mai suna Dreyer, abu na farko da ya duba shi ne me ƙasar wurin take da shi. Dano ƙasar marmara ce, jan dutsen nan da muka sani, wanda a wurare da yawa a nan ba a ɗauke shi bakin kome ba sai cikon hanya. Marmara tana da wata halitta mai ban sha'awa: lokacin da aka haƙo ta daga ƙarƙashin ƙasa tana da ɗan laushi, ana iya sassaƙa ta da gatari ko diga a fitar da ita siffar bulo, amma in ta sha iska da rana sai ta ƙara tauri. Mutanen yankin sun daɗe da sanin sassaƙa ta. Da ita aka tayar da bangon makarantar, aka bar ta da jan launinta, ba filasta ba fenti. Kuɗin da za a kashe wajen sayen bulo da dakonsa daga nesa sai ya shiga aljihun masu fasa dutse na garin.

Amfanin bango mai kauri na dutse ko na ƙasa shi ne ba ya saurin ɗaukar zafi. Yakan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa zuwa ciki an tashi daga makaranta, da dare kuma ya sake shi ya huce. Wannan ba sabon ilmi ba ne gare mu, shi ya sa soron ƙasa ya fi ɗakin bulo daɗin zama da bazara. An kuma shimfiɗa ginin ne daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangayensa masu tagogi suna fuskantar kudu da arewa, rana ba ta dukansu kai tsaye da safe ko da yamma. Tagogin dogaye ne, masu marfin ƙarfe mai tsaga-tsaga, ana iya rufe su a tare hasken rana alhali iska na ci gaba da shiga.

Amma inda hikimar take sosai shi ne rufin, kuma a nan ya kamata ma'aikatanmu na sashen gine-gine su tsaya su duba da kyau. Kéré bai ƙi kwano ba. Ya san kwano na da araha, ba shi da nauyi, kuma ba abin da ya kai shi tare ruwan sama. Laifinsa guda ne, yana ɗaukar zafi ya zubo wa na ƙarƙashinsa. Saboda haka sai ya yi rufi biyu. Na ƙasa shi ne silin, wanda aka yi shi lanƙwashe-lanƙwashe, aka bar 'yan tsagogi a jikinsa, aka kuma shafe shi da fari don ya watsa haske cikin aji. Na sama shi ne kwanon, wanda aka ɗaga shi sama da silin a kan ƙafafun ƙarfe, aka bar fili a tsakani, buɗe ta kowane gefe.

Ga yadda abin ke aiki. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka kullum sama take yi. Zafin jikin yara da numfashinsu yakan tashi ya bi ta tsagogin silin ya fita. Kwanon da rana ke gasawa yana ƙara zafafa iskar da ke tsakanin rufin biyu, ita kuma sai ta yi ta gudu tana fita ta gefe, tana janyo ta cikin ajin a bayanta, sabuwar iska kuma tana shigowa ta tagogi ta maye gurbinta. Watau zafin ranar da kansa shi ne ke tura iskar, ba injin, ba mai, ba kuɗin wuta a ƙarshen wata. Silin ɗin kuma yana rage ƙarar ruwan sama. Daɗin daɗawa, an bar kwanon ya zarce bango da nisa ta kowane ɓangare, yana ba bangon inuwa da rani, yana kare shi daga ruwa da damina. Maginanmu sun san cewa hadari daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ke fara zaizayewa. Wannan doguwar lema ita ce amsar ƙorafin da mutanen Gando suka yi tun farko.

Wani zai ce irin wannan rufi ai sai manyan kamfanoni masu injin ɗaga kaya. Ba haka ba ne. Tun a Gando, da rodin gini na yau da kullum aka haɗa ƙafafun rufin, ana yanka shi da zarto ana liƙa shi da ƙaramin injin walda, guntu guntu, yadda mutane za su iya ɗagawa da hannu. Samarin da suka koyi wannan aiki a Gando su ne aka ɗauko suka yi na Dano tare da mutanen garin. Sun tashi da sana'a a hannu, kuma in wani abu ya lalace a ginin ba sai an jira wani daga babban birni ba.

Akwai wani ɗan wuri a makarantar Dano da ni a ganina ya fi kome nuna cewa mai zanen ya san rayuwar ɗalibi. Tsakanin azuzuwa da ofis an bar wani fili ƙarƙashin rufin, aka ɗan zurfafa shi, aka yi masa matakala kewaye don zama. Nan yara ke hutawa lokacin tara, nan ake bita, nan iyaye ke iya zama in sun zo. A makarantunmu da yawa, in an kaɗa ƙararrawar hutu, ɗalibai ba su da wurin fakewa sai gindin darbejiya guda, in akwai ta, malamai kuma sun riga sun ajiye baburansu a wurin.

Bayan Dano

Dabarar ba ta tsaya kan aji uku ba. A 2016 aka kammala babbar sakandaren Schorge a Kudugu, birni na uku wajen girma a ƙasar. A nan an jera gine-gine tara a kewaye, suka zagaye wani fili a tsakiya kamar tsakar gida, yadda iska mai ƙura ba ta ratsawa, jama'ar unguwa kuma suna iya yin taro a ciki. Bangon na marmara ne, an ɗora wa azuzuwa wasu dogayen hasumiyoyi da iska mai zafi ke fita ta cikinsu, an kuma kewaye ginin da shinge na sandunan itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, ya ba da baranda mai inuwa. Kujerun ɗalibai ma da katakon wurin da ragowar ƙarfen rufi aka ƙera su. Ɗaya daga cikin gine-ginen ɗakin duba haƙori ne. A Gando kuwa, ɗakin karatu da aka zana, tukwanen ƙasa da matan ƙauyen suka kawo aka yanka aka jera cikin rufi, suka zama kafofin haske da iska.

Inda Gizo Ke Saƙa

Kada mai karatu ya ɗauka abin ba shi da wuya. Da fari dai, kuɗin waɗannan makarantu daga waje ya zo, daga gidauniyoyi da masu taimako, kuma mai zanen ɗan ƙasa ne da jama'a suka yarda da shi, wanda ya iya zama da dattawa a yi ta shawara har a daidaita. Wannan ba abu ne da ake rubutawa cikin takardar kwangila ba. Na biyu, aikin ƙasa da dutse yana son ido. In aka yi ha'inci wajen haɗin tubali, ko aka rage tsawon lemar kwano don a tsimi 'yan kuɗi, ginin zai lalace, a kuma ɗora laifin a kan ƙasa. Na uku, aikin gayya yana da lokacinsa. Manomi ba zai bar gonarsa da damina ya zo dakon dutse ba, alhali kuɗin gwamnati yana da wa'adin da dole a kashe shi kafin shekarar kuɗi ta ƙare. Sa'an nan siminti da ƙarfe da kwano duk ba a rabu da su ba, rage su aka yi, aka sa kowanne inda ya fi amfani.

Babbar matsalar kuwa tana cikin zukata. Tun lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya a 1976, aka shiga gina azuzuwa dubbai cikin gaggawa, sai zane guda ya zama shi ne makaranta a idon kowa: dogon gini na bulo, aji biyu ko uku da ofis, kwano a kai. Gaggawar tana da dalilinta a wancan lokaci, domin yara sun yi yawa, azuzuwa sun yi kaɗan. Amma zanen ya zauna daram, ana maimaita shi daga gari zuwa gari ba tare da an tambayi ina rana ke fitowa a filin ba, ko wane dutse ke ƙarƙashinsa. Jami'in da ya kawo shawarar a yi ginin ƙasa yana tsoron a ce ya raina mutanen garin, mutanen garin kuma suna ganin in ba bulo ba ne to gwamnati ba ta yi musu aiki ba.

Abin mamaki shi ne manyan makarantunmu na farko da ƙasa aka gina su. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, wadda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu a cikinta, ginin jar ƙasa ce da maginan gargajiya suka yi, kuma an sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, har yau masana na zuwa kallon bakan gizonsa. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci lambar Aga Khan a 1986, shekara goma sha takwas kafin Gando ta ci tata. Har ila yau a jihar Tawa, a ƙauyen Dandaji, wasu mata biyu masu zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse, aka gama a 2018. Maginan garin ne suka yi aikin, 'yan kwalejin garin kuma suka sami wurin bita. Ashe ilmin azara da makuba da ɗaurin guga bai ɓace ba tukuna, sai dai masu shi suna tsufa, 'ya'yansu kuwa sun koma buga bulo domin nan kasuwa take.

Ba lalle ne a kwafo ginin Dano yadda yake a dasa a Gumel ko Illela ba, domin ba ko'ina ke da marmara ba, wani wurin yumɓu ne, wani wurin yashi. Amma akwai abubuwan da jami'in ilmi na ƙaramar hukuma, ko injiniyan Ma'aikatar Ayyuka, zai iya tambaya tun kafin a sa hannu a takarda, kuma ba su ƙara kuɗi mai yawa. Ina ginin zai fuskanta? Akwai fili tsakanin kwano da silin, kuma iska na da hanyar fita? Lemar kwanon ta rufe bango? Ina yara za su zauna da rana tsaka? An kira Sarkin Magina da ƙungiyar iyaye da malamai an nuna musu zanen? Su wa za su gyara ginin bayan shekara biyar, kuma sun ga yadda aka yi shi?

Ɗalibanmu da ke karanta zanen gine-gine a jami'o'i da kwalejojin fasaha su ma yana da kyau su lura cewa Kéré bai gama jami'a ba lokacin da ya gina makarantar Gando. Ya kammala karatunsa ne a 2004, shekara uku bayan yara sun fara shiga azuzuwan.